Kano zuwa Haɗeja a kan keken tsere: iska ce za ta zaɓar maka inda za ka faro

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce kana da keken tsere mai siririyar taya, kana son ka bi kwarin kogin Haɗeja daga Kano har cikin Haɗeja, kana tambaya wace hanya ta fi, a wane wata, kuma kwana nawa za ka ware. Tafiyar mai yiwuwa ce, amma da zan ba ka shawara ɗaya tak, to ka juya ta. Ka ɗora keken a mota zuwa Haɗeja, ka kwana, ka tuƙo shi zuwa Kano.

Ga dalili. Watannin da wannan hanya take tuƙuwa cikin daɗi su ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma a daidai lokacin nan iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa. Haɗeja kuwa gabas take da Kano, da ɗan karkata arewa. Wanda ya taso daga Kano zai wuni yana dukan iska da ƙirji, a fili fetal, babu tudu babu daji da zai kare shi. Mutumin da ya saba yin kilomita 25 a awa sai ya ga ya dawo 17 ko 18, ga gajiya ninki biyu. Wasu kan ce ai Kano ta fi Haɗeja tudu, saboda haka gangara ce. Gaskiya ne ruwa can yake gangarawa, amma bambancin bai wuce mita ɗari da 'yan kai ba a tafiyar kilomita wajen 200. Ƙafarka ba za ta ma san da shi ba. Iskar kuwa za ta sani.

Akwai dalili na biyu da ba a cika lura da shi ba. Mai nufar gabas da sassafe rana na cikin idonsa, haka kuma tana cikin idon direban da ke tahowa a bayansa. In aka haɗa da hazo, direban ba zai gan ka ba sai ya zo dab. Mai nufar yamma kuwa rana na ƙeyarsa har hantsi ya dubi ludayi. In dai lallai sai daga Kano kake son farawa, ka fita da an idar da Asuba gari ya ɗan waye, ka ci rabin tafiyar yinin kafin ƙarfe goma, don iskar ta fi tashi idan rana ta ɗaga.

Sauran watannin ba sai mun daɗe a kansu ba. Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka. Agusta zuwa farkon Oktoba lokacin ambaliya ne, kuma Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa da Haɗeja duk sun sha ta, ta 2022 ma ba a manta ba. Kada ka yi la'akari da saman da ke kanka kawai. Ruwan kogin daga kogin Kano da na Challawa yake zuwa, dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 yana kan na farko, na Challawa da aka gama a 1992 yana kan na biyu, saboda haka kogi na iya cika a Auyo alhali ko yayyafi ba a yi ba a wurin.

Hanyoyi biyu ne, kuma kowacce tana wajen kilomita 200. Ta arewa ita ce daga Haɗeja zuwa Gujungu, Taura, Ringim, Gezawa, ka shigo Kano ta Yankaba. Ta kudu ita ce Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, Jahun, Gaya, ka haye gadar Wudil, ka shigo ta Mariri. In fadama ka fito gani, ta kudu ta fi ba ka ita, musamman tsakanin Haɗeja da Kafin Hausa, inda aikin noman rani na kwarin Haɗeja yake a yankin Auyo: alkama kore shar, shinkafa, magudanan ruwa, balbela fari fat a bayan masu ban-ruwa. Sai dai wutsiyarta ba daɗi. Kilomita arba'in ɗin ƙarshe daga Wudil zuwa Kano babban titin Maiduguri ne, na tireloli da tankoki, kuma ranar Juma'a kasuwar shanun Wudil na ci. A ganina ka haɗa biyun: ka bi ta kudu har Jahun, daga nan ka ɗauki hanyar Gujungu ka koma ta arewa, ka ƙarasa ta Ringim. Ta ɗan fi tsawo, amma ka ga fadama kuma ka tsere wa Wudil. Kowacce ka zaɓa, ka shiga tasha da yamma ka tambayi direbobin da ke bin ta kullum, domin damina ɗaya ta isa ta cinye kwalbati ko ta mayar da kilomita biyar na kwalta burji. Taswirar waya ba ta san wannan ba.

Kwana biyu ya ishi wanda ya saba yin kilomita ɗari a yini. Wanda bai taɓa wuce sittin ba ya ware uku, kuma ya shirya makwancinsa tun kafin ya taso, ko wajen ɗan'uwa ko masauki a hedikwatar ƙaramar hukuma. Da hunturu rana kan faɗi wajen shida da 'yan mintuna. Ƙarfe biyar ta same ka a cikin gari.

Yanzu batun taya, wanda shi ne yake kayar da yawancin masu keken tsere a wannan yanki. Taya mai faɗin milimita 23 ko 25 ka bar ta a gida. Sa 28, ko 32 in jikin keken zai ɗauka. Ga mai nauyin kilo 70, iskar 28 ta tsaya tsakanin 70 da 75 a ma'aunin iskar taya na PSI, ta 32 kuma tsakanin 55 da 60. Kada ka bari a ɗura mata iska ta yi tauri kamar dutse wai don gudu. A kan kwalta mai kaushi tsalle kawai za ta riƙa yi, hannunka ya mutu tun kafin azahar. In kuma ta yi laushi da yawa, bakin rami zai matse tub ɗin da gare, ka ga huji biyu a jere kamar saran maciji.

Babban abokin gabarka ba rami ba ne, ƙaya ce: tsidau a gefen kwalta, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa a gindin inuwa. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya gaji, ya hango bishiya, ya sauka daga kwalta a kan keken ya gangara inuwa. Minti goma da komawa hanya sai taya ta kwanta. Saboda haka ka sauka tun kana kan kwalta, ka ɗaga keken a kafaɗa zuwa inuwar, kafin ka sake hawa kuma ka juya kowace taya a hankali kana dubawa. In an riga an yi faci, kada ka zura sabon tub sai ka gano abin da ya huda na farko. Ka shafa cikin tayar da ɗan auduga ko tsumma. Inda ya maƙale, nan tsinin yake, ƙarami kamar kan allura, ka tura shi waje. Wanda ya tsallake wannan mataki zai huda tub uku da ƙaya ɗaya. Wajen liƙa faci kuma, a goge wurin, a shafa sholisho siriri, a jira minti uku zuwa biyar ya daina sheƙi tukuna a ɗora. Gaggawa ce take sa faci ya ɗaye.

Ka tafi da tub biyu ko uku, da kayan faci, da famfonka na hannu, da guntun tsohuwar taya na toshe yanka. Kada ka dogara da mai facin ƙauye, ba don bai iya ba, ya ma fi ka sauri, sai don kayansa ba naka ba ne. Tub ɗin da ke wurinsa na babban keken nan ne na ɗaukar kaya, mai kauri, ba zai zauna a siririyar tayarka ba. Bakin famfonsa kuma bai dace da siririn bawul ɗinka ba, sai ka sayi ɗan ƙaramin maɗaurin nan na tagulla da ke mayar da shi irin na mota, ka ɗaure shi a jikin makullanka don kada ya ɓata. In tayarka marar tub ce, ka zuba sabon ruwan toshe huji, mililita 40 zuwa 60 a kowacce, a satin tafiyar, don bushewar hunturu na ƙafar da shi da wuri.

Sarƙa ma ƙura ce matsalarta. Kada a zuba mata baƙin mai ko da kyauta ne. Shi da yashi in sun haɗu sai su zama kamar magogi, su cinye sarƙar da haƙoran giya. Mai marar danƙo, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a goge na sama da tsumma, kowace yamma. In kuma ka yi sha'awar sauka kan gaɓar magudanar ruwa don ka ga gonaki kusa, ka dubi ƙasar tukuna. Baƙar lakar fadama in an yi ban-ruwa tana kama taya, ta cushe tsakanin birki da gare cikin taku ashirin, har ƙafar keken ta daina juyawa.

A kan kwaltar kanta, abu uku ne ke jefar da mutum. Yashin da iska ta tara a bakin titi da kan kwana: in ka shige shi kada ka taɓa birkin gaba, kada ka juya kan keken, ka koma baya a kan sirdi ka ci gaba da taka feda. Sai shanya. Bayan kaka za ka tarar an baza shinkafa ko barkono a gefen kwalta, an jera duwatsu a gefensa, da yamma a kwashe amfanin a bar duwatsun. Sai tudun rage gudu da mutanen gari kan yi da kansu, ba fenti ba alama, wani lokaci uku a jere. In garken shanu na tsallakawa, tsaya cak ka bar su su wuce, ka gaida mai kiwon. Fitilar baya mai ƙyaftawa ta kasance a kunne har da rana saboda hazo, hular kwano kuma ba a ma maganarta.

Ruwan sha: ka lissafa rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa. Sanyin hunturu na ruɗar mutum, gumin na bushewa kafin ka gan shi, sai ciwon kai da ɗaurewar tsoka su sanar da kai. Gora biyu, ka cika su da ruwan leda a duk garin da ka samu ko da ba su ƙare ba. A gora ɗaya ka yi haɗin gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu, ka riƙa ci kaɗan-kaɗan duk bayan minti arba'in tun yunwa ba ta zo ba. Fura da nono sai an sauka, don kan sirdi nauyi take yi. Ruwan magudana da na kududdufi kuwa, duk yadda ya ba ka sha'awa, kada ka shiga wanka, nan ake ɗaukar tsargiya. Ka kuma sa gidan sauro a kaya, don sauron fadama ba ya tafiya hutun rani.

Ka tafi da katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton gada ko madatsa. Ɗamammen wandon nan na masu tsere, ka ɗora masa sakakken wando mai sauƙi kafin ka shiga gari ko masallaci. Za ka ga bambanci a yadda ake amsa maka sallama. In dare ya kama ka a ƙauyen da ba ka san kowa ba, ƙofar mai gari za ka nufa.

Tunda za ka kwana a Haɗeja, ka ƙara yini ɗaya ka je Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, wadda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. A daidai waɗannan watanni tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suke sauka can. Amma ka bar keken a masauki ka hau babur, don ƙarshen hanyar rairayi ne da tayarka ba za ta iya ba.