Amsa kan ƙara nikotin a saiwar taba da ake reno a kwalba

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kin zuba methyl jasmonate, sinadarin da ke tunzura tsiro ya kare kansa, a kwalaben saiwar tabarki amma nikotin bai ƙaru ba, saiwar ma ta yi duhu. Abin ya dame ni, domin wannan sinadarin shi ne kan gaba a aikin. A gona ma saiwa ce ke haɗa nikotin ta tura ganye in ƙwari sun ci shi, jasmonate ne ɗan aike, yana tayar da enzayim ɗin PMT, wanda ke fara aikin haɗa nikotin a saiwa.

Fara duba ruwan renon. In akwai auxin (sinadarin girman tsiro) kamar 2,4-D, cire shi, yana danne nikotin. Saiwa mai gashi da aka samu ta ƙwayar bakteriyar Agrobacterium rhizogenes ba ta buƙatar auxin.

Sai yawan methyl jasmonate da kika zuba. Gwada maikromola (ma'aunin ƙarfin sinadari a ruwa) 50 zuwa 100, bayan saiwa ta kusa cika kwalba, ba tana tsirowa ba. Narka shi a ethanol ki tace, kada ya shiga tukunyar tururin kashe ƙwayoyin cuta. Ware kwalba ɗaya mai ethanol kaɗai don kwatanci.

Duhun nan kuwa ina zargin zafin Kaduna. Saiwa na son digiri 25, wuta na ɗaukewa injin girgiza ya tsaya, iska ta yanke mata. Methyl jasmonate nawa kika zuba?