Hukuncin kiran wanda ba malamin addini ba da "Malam"

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. A makarantar da nake koyarwa akwai Kirista mai koyar da lissafi, yara suna ce masa Malam. Wani ɗan'uwa ya ce haramun ne, wai magada annabawa kaɗai ake kira haka. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, babu laifi a cikin wannan, kuma haramtawa tana bukatar dalili.

Kalmar daga Larabci ta zo, asalinta mu'allim, wato mai koyarwa, ko me yake koyarwa. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya ce Allah ya aiko shi ne mu'allim mai sauƙaƙawa. Wannan daraja ce ga aikin, amma bai keɓe sunan ga masu fiƙihu ba. Bayan Badar, fursunonin Ƙuraishawa da ba su da kuɗin fansa an sa su koya wa 'ya'yan Ansar rubutu, alhali suna mushirikai. Idan karatu a wajensu ya halatta, kiran mai koyarwa da sunan aikinsa ba zai haramta ba.

Sannan ƙa'idar malaman fiƙihu ce cewa al'ada abar hukunci ce a wurin da nassi, wato aya ko hadisi, bai yi magana ba. Bahaushe ya faɗaɗa kalmar har ta zama ta ladabi: direba Malam ne, mai shago Malam ne, baƙon da ba ka san sunansa ba Malam ne. Ba wanda ya ji haka ya ɗauka ana nufin mufti. Inda ake son tantance ilimi, tsangaya tana da nata sunayen, Alaramma da Gwani da Gangaran, kuma ba a samunsu sai da allo da shekaru.

Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da ya karanta littafi biyu, ya ji ana ce masa Malam ko Ustaz ko Shehi, sai ya hau kujera yana halattawa yana haramtawa, har da raba aure. Wannan shi ne wanda hadisin Asma'u 'yar Abubakar, a Buhari da Muslim, ya hau kansa: mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufafi biyu na ƙarya ne.

Ki bar yaran su ci gaba da girmama malaminsu, tambayar addini kuwa su kai ta wajen ma'abotanta. Ɗan'uwan nan a yi masa bayani cikin taushi, don kishin addini ne ya sa shi faɗa.

Wallahu a'alam.