Filin Tambayoyin Masu Karatu: Ina zan samo takardun tarihin tsohon gidan zuhudu?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar tarihi ce. Akwai tsohon gidan zuhudu na Kirista kusa da mu da nake son rubuta tarihinsa. Na je, mai kula da wurin ya ce babu ko tsohuwar takarda ɗaya a hannunsu. A ɗakin karatu ma ban ga littafi mai sunan gidan ba. Ke nan in haƙura?

Amsa: Malama, kada ki haƙura. Mai yiwuwa gaskiya mai kula da wurin ya gaya miki, domin takardun irin waɗannan gidaje ba ginin suke bi ba. Suna hannun wanda aka rubuta wa su, ko wanda ke iko da gidan, ko wanda ya ƙwace dukiyarsa. A ranar 15 ga Fabrairu 1944 jiragen yaƙi suka ragargaza gidan zuhudu na Monte Kasino a Italiya, amma takardunsa sun tsira, don an riga an kwashe su tun cikin 1943.

Kafin ki taka ƙafa ko'ina, ɗauki takarda ɗaya ki cike abubuwa huɗu. Na farko dukkan sunayen da gidan ya taɓa amsawa: sunan waliyyin da aka keɓe masa shi, sunan ƙauyen a da da yanzu, da yadda ake rubuta shi da Latin ko harshen gwamnatin wancan zamani. A nan yawancin masu bincike ke tuntuɓe, su nemi sunan yau alhali kundin ma'adana, wato wurin ajiye tsofaffin takardu, ya ajiye na jiya. Sai ƙungiyar da 'yan zuhudun ke bi, sai yankin bishop ɗin da gidan ke ciki, sai hukumar da ke mulkin ƙasar a kowane zamani.

Ƙungiyar tana da muhimmanci sosai. A tsarin mabiya Benedik kowane babban gida da ikon kansa, shi ke riƙe takardunsa. Su kuwa Sistasiyawa, wata ƙungiyar 'yan zuhudu, a da shugabannin gidajensu kan taru a Sito da ke Faransa, a rubuta hukuncin da aka yanke kan kowane gida, don haka za a iya samun labarin gidanku a cikin waɗannan hukunce-hukuncen ko da nasa ya ƙone. Mabiya Faransis da na Dominik suna da ofishin lardi da kuma babban ofishi a Roma. Idan kuma wani gida ne daga wata ƙasa ya turo mutanen da suka kafa naku, wancan gidan na asali shi ne wurin farko da za ki rubuta wa: wasiƙun shekarun farko, na neman kuɗi da na kukan rashin lafiya da na rigimar fili, can suka tafi.

Sai batun ƙwace. A Ingila, Sarki Henri na takwas ya rufe gidajen zuhudu tsakanin 1536 da 1541, bayan ya sa an ƙididdige dukiyar coci a 1535. Kundin wannan ƙididdiga da takardun kotun da ta karɓi dukiyar suna ma'adanar ƙasa da ke Kew a Landan, wasu takardun gonaki kuma sun bi iyalan da suka sayi filayen. A Faransa an mayar da dukiyar coci ta gwamnati a 1789, aka soke alkawarin zuhudu a 1790, shi ya sa takardun gidajen suke ma'adanun gundumomi, a rukunin da aka yi wa lakabi da harafin H. Jamus ta yi irin nata a 1803, Fotugal a 1834, Sifen a 1836. Duk ƙasar da kike, ki tambayi wace shekara hukuma ta sa hannu a gidan, da wane ofishi ya karɓi kayan.

Tambaya: Ni dai ba ni da halin tafiya ƙasar waje. Me zan iya yi daga ɗakin karatu da intanet?

Amsa: Ɗan'uwa, da yawa. Ba lallai a samu littafi a kan gidan shi kaɗai ba, amma da wuya a rasa shafi biyu ko uku a tarihin yankin bishop, tarihin ƙungiyar, mujallun ƙungiyoyin tarihi na yanki, ko kundin digiri na jami'a. Nemi waɗannan a WorldCat, wanda ke nuna ɗakunan karatun da ke da kowane littafi, sannan ka roƙi ma'aikacin ɗakin karatunka ya aro maka ko ya samo hoton shafukan.

In littafin ya zo, ka fi mai da hankali ga ƙananan bayanan da ke ƙasan shafi, fiye da labarin kansa. A nan marubucin ke faɗin ma'adanar da ya shiga da lambar takardar da ya karanta. Kwafe su duka a jere. Bayan littattafai uku ko huɗu za ka ga wasu lambobi na ta maimaituwa. Su ne ƙashin bayan aikin. Za ka kuma gane marubutan da ba su taɓa ganin takarda ba, junansu kawai suke kwafa.

A intanet, shafin Monasterium na ɗauke da hotunan tsofaffin takardun mallaka na gidajen Turai. Cibiyar adana rubuce-rubucen hannu ta HMML da ke gidan zuhudu na Sen Jon a jihar Minesota ta Amurka ta fara ɗaukar hotunan rubuce-rubucen hannu a 1965, kuma tana da tarin na Habasha da Gabas ta Tsakiya da ake dubawa kyauta bayan an yi rajista. Ɗakin karatu na Birtaniya ma yana da shirin ceto takardun da ke fuskantar lalacewa, wanda aka fara a 2004.

Gargaɗi ɗaya: ɗakin karatu bisa maudu'i yake jera kaya, ma'adana kuwa bisa ofishin da ya samar da su. Ka buga sunan gidan a akwatin nema ka ga babu komai, wannan ba hujja ba ce. Akwatin takardun haraji na shekara talatin kan fito a kundi da layi ɗaya tak, ba a ambaci sunan kowa ba.

Tambaya: Na samu izinin shiga ma'adanar bishop. Me zan nema, kuma me zan riƙe?

Amsa: Fara da rahoton ziyarar dubawa. Bishop ko wakilinsa kan je gida, ya tambayi mazaunansa ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta adadinsu, bashin da ke kansu, rufin da ke yoyo, da wanda ake ƙorafi a kansa. Babu takardar da ta fi wannan nuna rayuwar yau da kullum, sai dai a tuna an yi ta ne don gano laifi, gidan da ke zaune lafiya kan samu layi biyu kawai. In ka rasa ta sam, wataƙila gidan na cikin waɗanda Fafaroma ya cire daga ƙarƙashin bishop, sai ka koma ga takardun ƙungiyar. Bayan ita ka nemi rajistar naɗin firistoci, takardun zaɓen shugaban gida, wasiyyoyin masu ba da kyauta, da shari'o'in fili.

Rubuta wa masu kula da ma'adanar mako biyu ko uku kafin ka je, ka faɗi sunan gidan, shekarun da kake so da lambobin da ka tattara. Irin waɗannan ma'adanu sau da yawa mutum ɗaya ne ke kula da su, ba kuma kullum yake buɗewa ba. Riƙe katin shaida, takardar gabatarwa daga malami ko jami'a, da fensir, don ba a barin biro. Tambayi dokar ɗaukar hoto. In an yarda, fara ɗaukar lambar akwati da bangon kundi kafin shafukan, ka ɗauki bayan kowace takarda ma. Hoto ɗari biyar marasa lamba ba su da amfani ranar rubutu. Kada ka sauya jerin takardun da ka tarar.

Roma kuwa a bar ta ƙarshe. Fafaroma Leo na 13 ya buɗe ma'adanar Batikan ga masu bincike a 1881, kuma tun Maris 2020 ana iya duba takardu har zuwa 1958, amma sai mai digirin jami'a da takardar gabatarwa. Gidajen da aka kafa a ƙasashen mishan, labarinsu ya fi yawa a ma'adanar ofishin yaɗa bishara da aka kafa a 1622, wadda take daban.

Tambaya: Malam, takardu biyu na samu, kowace da shekarar kafa gidan daban. Wace zan ɗauka?

Amsa: Malama, kafin ki zaɓa, duba ko abu ɗaya suke magana a kai. Ranar da aka ba da fili daban, ranar da 'yan zuhudu suka tare daban, ranar da aka tsarkake coci daban, kuma tsakaninsu kan kai shekara goma ko fiye.

Sannan duba kalanda. A Ingila, kafin 1752 sabuwar shekara 25 ga Maris take kamawa, don haka takardar da ta ce 10 ga Fabrairu 1530, a lissafinmu 1531 ce. Gyaran kalanda na 1582 ya tsallake kwana 10, kuma ƙasashe ba lokaci ɗaya suka karɓe shi ba. Shekarar Habasha tana bayan tamu da 7 ko 8, gwargwadon watan. Kibɗawan Masar daga shekara ta 284 suke fara ƙirga.

In har yanzu sun saɓa, tambayi wace ce ta asali, wace ce kwafi. Gidajen zuhudu kan kwafe takardun mallakarsu cikin babban kundi ɗaya, wani lokaci bayan ɗaruruwan shekaru, mai kwafi kuma kan yi kuskuren lamba. Akwai ma waɗanda aka ƙirƙira da gangan lokacin rigimar fili, don gidan ya nuna ya riga abokin shari'arsa zuwa. Gwada sunayen shaidu da na sarki da na bishop da ke cikin takardar: in ɗayansu ya rasu kafin shekarar da aka rubuta, ko bai hau mulki ba tukuna, akwai matsala. A rubutunki ki kawo shekarun biyu, ki faɗi lambar kowace takarda da inda take, sannan ki bayyana dalilin da ya sa kika fi karkata ga ɗaya.