Oga, Golf ɗin da aka ƙara wa ƙarfi za ta yi zirga-zirgar kullum?

Ka ce yayanka ya ga wata Golf GTI 'yar Kwatano da aka yi wa aiki, an taɓa birenbos ɗinta, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, an ƙara mata ƙarfi, an sauke ta ƙasa, an canja salansa. Yana so ya sayar da Corolla ɗinsa ya ɗauke ta, da ita zai riƙa zuwa ofis yana kai yara makaranta, shi ne kake tambaya ko za ta yi. Za ta yi, yaro, amma ba a yadda take yanzu ba, kuma ba a hannun mutumin da sai fitilar mai ta kama yake tuna akwai gareji ba.

Fara sanin motar tukuna. Wannan ita ce GTI ta biyar, wadda Volkswagen ya fito da ita a 2004. Injinta lita 2 ne mai turbo, daga kamfani yana ba da ƙarfin doki 200 da ƙarfin murɗa 280 Nm. Mai kwamfuta yana zama a kujerar direba ya jona waya, kafin ka gama cin abincin rana ya mayar da ita doki 240 ko 250 ba tare da ya kwance ko noti ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne ya umarci turbo ya ƙara tura iska, nozul ya ƙara fesa mai, filogi ya riƙa ba da wuta da wuri. Kada ka ɗauka waɗanda suka ƙera ta ba su san injin zai iya haka ba. Sun sani sarai. Da gangan suka bar rata, saboda motar za ta faɗa hannun mai shan gurɓataccen mai, da mai jinkirin juye, da wanda yake ƙasa mai zafi. Wannan ratar ita mai kwamfuta yake cinyewa ya ba ka a matsayin gudu. Mu kuwa a nan duk ukun muna da su: man, da jinkirin, da zafin.

Maganar fetur ita ce babba, don haka buɗe kunnenka. A murfin tankin motar nan za ka ga an rubuta 98, an ce in babu a sha 95. Lambar oktan ke nan, wato juriyar man ga matsi da zafi kafin ya kama da kansa. Wanda muke sha a gidajen mai yana wajen 90 zuwa 91, wannan ma in ba a yi masa haɗi ba. Motar da ba a taɓa ba tana iya lallaɓawa da shi, saboda akwai sensa a jikin bulok da ke sauraron ƙwanƙwasa. Da ta ji man ya fara fashewa kafin lokacinsa sai birenbos ya ja wuta baya, ƙarfi ya ragu, inji ya tsira. To yawancin furogiram ɗin da ake saye a intanet an rubuta su ne don man Turai, 98. Ka ɗora irinsa a kan manmu, ka hau titin Zariya da azahar a watan Afrilu, zafi ya haura 40, esi a kunne, mutum huɗu a ciki, ka take totur a giya ta biyar daga ƙaramin gudu don ka wuce tirela. A nan ake fasa fistin. Birenbos zai ja wuta iya inda aka bar masa, in ya ƙure sai ƙarfe ya karɓi sauran dukan. Sau da yawa direba ba ya jin komai, sai daga baya ya ga hayaƙi da cin baƙin mai, mu buɗe mu tarar da gefen fistin ya ɓalle tsakanin rin da rin.

Shi ya sa tambayar farko da nake yi wa mai irin wannan mota ita ce: wa ya rubuta furogiram ɗin, kuma don wane mai? In bai sani ba, sai mu ɗauka don 98 ne. Sai a ɗora sikana, wani ya tuƙa, kai kana kujerar gefe kana kallon yadda birenbos ke jan wuta a kowace silinda. Digiri biyu ko uku a lokacin da aka take sosai ba ya hana ni barci. In kana ganin shida, bakwai, a kai a kai, wannan furogiram ba na ƙasar nan ba ne. Ko a sassauta shi, ko a mayar da na kamfani. Ruwan kwalbar nan da ake sayarwa wai yana ƙara oktan, mai kyau daga cikinsa yana ɗan taimakawa, amma wa zai riƙa zuba shi a kowane tanki mai lita 55, shekara da shekaru? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man kansa ma da ƙyar ake cika tanki.

Sai zafi. Intakula ɗin motar nan, wanda ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji, a matse yake tsakanin kondensa ta esi da lagireto. A buɗaɗɗiyar hanya iska na ratsa shi, babu matsala. A gosulon Kantin Kwari kuwa zafi yake sha gaba da baya, sai iskar da zai ba inji ta zama mai zafi, iska mai zafi kuma ita ce ƙawar ƙwanƙwasa. Mai motar yana fita daga cunkoso ya ga fili, abin da zuciyarsa ke ce masa shi ne ya take. Lokacin ne mafi muni. Ya ba ta minti biyu tana tafiya a hankali ta sha iska tukuna. Kuma kada in ji ka taɓa cire wa irin wannan mota tamostat ko ka jona fanka kai tsaye, yadda ake yi wa tsofaffin motocin haya. Birenbos ɗinta da zafin ruwa yake lissafin mai. Ruwan lagireto ma nata ne, mai launin ruwan hoda da ake kira G12, ba na rijiya ba. In ka kashe ta ka ji wani ɗan famfo yana ci gaba da kuka a gaba, ba lalacewa ba ce, ruwa yake zagayawa da shi ta cikin turbo don kada baƙin mai ya ƙone a ciki. Ranar da ka daina jin sa ne za ka bincika.

Akwai wani ɗan ƙarfe da nake so ka riƙe sunansa, folowa. Girmansa kamar murfin kwalba, yana zaune tsakanin kamshaf da famfon mai mai matsi, wanda ke tura fetur da matsin da ya haura bar 100 a ma'aunin matsi kai tsaye cikin silinda. Kamshaf yana gurzarsa duk juyi. Yana da baƙin rufi a fuskarsa, in rufin ya cinye sai ƙarfen ya fara ci, in ya huje sai famfon ya hau kan kamshaf su cinye juna, garin ƙarfen kuma ya bi baƙin mai ya zaga inji. Kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba, ɓarnarsa kuwa ta kai kamshaf da famfo har da abin da ya fi haka. A motar da aka ƙara wa ƙarfi, ni duk juye biyu nake buɗewa in duba. Amma ka fara tabbatar da injin da ke gabanka: na farkon mai bel, shi ke da wannan ciwon. Waɗanda aka kai Amurka daga tsakiyar 2008 an canja musu inji mai sarƙa, shi kuma nasa ciwon a abin da ke ɗaure sarƙar yake.

Baƙin mai kuwa ba wurin neman araha ba ne. Sintetik 5W-40 mai lambar VW 502 00 a jikin galan, wajen lita huɗu da rabi, kuma a juye a kilomita 5,000. Littafin motar ya ba da tazara fiye da haka, amma littafin bai san ƙurar hunturu da gosulo ba. Injin nan yana ɗan shan mai ko da lafiyarsa ƙalau, don haka mai ita ya koyi zaro ma'auni duk sati.

Ƙarfin da aka ƙara dole ya bi ta wani wuri kafin ya isa taya. In mai giyar hannu ce, kuloc ɗin kamfani an yi shi ne don ƙarfin murɗa 280, yanzu ana ɗora masa wajen 350. Zai fara zamewa a manyan giyoyi. Masu son gudu sai su sa kuloc na tsere, mai tauri, wanda ko ya kama gaba ɗaya ko ya saki gaba ɗaya. Yi tunanin yayanka da wannan a ƙafarsa tun daga Hotoro har cikin gari kowace safiya. Akwai mai matsakaicin ƙarfi, shi ya dace. In kuma DSG ce, kada kowa ya ruɗe ka cewa otomatik ce irin ta Corolla. Kuloc biyu ne a cikin mai, kwamfuta ke taka su. Tana son a canja mata mai da filta duk kilomita 60,000, da nata man, kuma ba ta son a riƙa jan ta taku-taku da rabin birki a cunkoso. A bar rata ta buɗu a gaba, sannan a saki birki gaba ɗaya.

Yanzu zo ƙasa, inda ni a ganina aka fi cutar masu motocin nan. GTI tun daga kamfani ta fi Golf ta gama-gari sauka da milimita 15. Sai wani ya ƙara sauke ta da 30 ko 40 don ta yi kyau a hoto. Batimfilet ɗin injin mai bel, wato kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji, na alminiyom ne, ba ya lanƙwashewa, tsagewa yake yi. Tudun rage gudu ɗaya na cikin unguwa, irin wanda matasa ke zubawa da siminti ba awo, ya isa ya zubar da man duka a titi, in direba bai lura ba kafin ya kai kwana inji ya buga. Taya ma haka. Lissafa da kanka: 195/65 ta Corolla tana da gefen roba kusan milimita 127. Ta GTI, 225/45 a rim 17, kusan 101. In aka sa rim 19 da 225/35, saura 79. Wannan robar ita ce ke karɓar duka kafin shokozoba ta ji, in babu ita rim ne zai karɓa, sai ka ga mutum kullum yana wurin mai faci da taya ta yi ƙulu ko rim ya tsage. Ni da za a bi tawa, sifirin na kamfani zai koma, rim 17 zai koma, a ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji. Kyan zai ragu, na yarda.

Filtar iskan nan mai kamar mazurari da ake bari a buɗe cikin bonet, cire ta. Zafin inji take zuƙa, ƙura tana ratsa ta, man da ake shafa mata kuma yana ɓata sensar iska. Akwatin kamfani da filtar takarda ya ishi doki 250. Abin da ke yin "fishhh" in an saki totur shi ma ado ne, iskar da sensa ta riga ta ƙirga yake zubarwa waje. Bawul ɗin kamfani wanda ya fito daga baya, mai fistin a madadin roba, ya fi shi aiki.

Salansa kuwa, wanda ya ji ta minti biyar a wurin wasan mota ranar ɗaurin aure daban, wanda zai zauna a cikinta daga Kano zuwa Kaduna daban. Akwai wani gurnani da buɗaɗɗiyar salansa ke yi a daidai gudun tafiya, yana cika cikin mota har kai ya yi ciwo, uwargida ba za ta sake shiga ba. Ga maƙwabta da asuba. In an cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin bututun salansa, warin hayaƙi zai riƙa shigowa a cunkoso, yara kuma a baya suke. Furogiram mai sa salansa harbi shi ne mafi wauta a cikin duka: fetur ake bari ya ƙone a cikin turbo da bututu da gangan, yana gasa su, kuma a halin da ake ciki ba na ba kowa shawarar ya tunkari shingen jami'an tsaro da dare da mota mai ƙarar bindiga.

Birki a bar shi kusa da na kamfani, a sa fad mai kyau na titi, a canja ruwansa DOT 4 duk shekara biyu. Fad na tsere sai ya yi zafi yake kamawa, da sanyin safiya a ƙofar makaranta ƙara kawai yake yi.

Ka kuma gaya masa maganar kaya. Abin Corolla ko da daddare ka shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa za ka samu. Na GTI ana samun wasu, wasu sai an aiko daga Ladipo a Legas. Amma kayan da aka ƙara mata, waɗanda ba na kamfani ba, in ɗaya ya lalace sai oda daga waje, mota ta yi makonni a kan jak. Wanda yake da mota biyu wannan ba komai ba ne a wurinsa. Yayanka ita kaɗai zai mallaka, ya lissafa kuɗin adaidaita sahu a cikin kuɗinta. Ya tambayi mai sayarwa ko kayan asalin da aka cire suna nan, sifirin da akwatin iska da salansa. In suna nan a haɗa masa da su a cikin ciniki, don ranar da zai sayar ma mai saye ya fi amincewa da wadda ba a taɓa ba.

Kafin ya biya ko sisi a kawo ta nan, da safe, inji a sanyaye, kada a tashe ta a ɗumama kafin mu gani, kuma da man da zai riƙa sha a cikin tanki. Za mu auna matsin kowace silinda, mu zaro filogi mu karanta launinsu, mu leƙa ƙarƙashi mu ga ko an taɓa liƙe batimfilet, sannan mu fita da sikana. Folowa kai za ka buɗe, ina tsaye. Ka fara sauke matsin man kafin ka taɓa bututun, inji a sanyaye, tsumma a hannunka, kuma notocin famfon uku a hankali ake sassauta su bi da bi, don akwai sifirin a ciki da ke turo shi waje.