Taubashi, ga amsar abin da ka gani a gadar Benya

Taubashi, bayan gaisuwa, yaya jikin Goggo? Saƙonka ya iso tun Laraba, na ƙi amsawa a ranar don kada in amsa da zafi. Ka ga bidiyon 'yata tana tsaye a kan gadar Benya cikin cunkoso, 'yan badujala na busa a bayanta, can gefe ga wani gini cike da mutum-mutumi, sai ka rubuto wai "Har yanzu ku Hausawa ne kuwa, ko suna ne ya rage?" Ka ɗora da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na san wasan taubasantaka ne, amma na san rabin maganar daga bakin Goggo ta fito, don haka ka karanta mata wannan a hankali.

Abin da ka gani sunansa Bakatuwe. Mu a nan Elmina ta ƙasar Ghana, wanda masu garin, wato Fanti, ke kira Edina, ana yin sa ranar Talatar farko ta watan Yuli, kuma ma'anar kalmar da Fantanci ita ce buɗe tafki. Benya tafkin ruwan gishiri ne da ke shiga teku ta tsakiyar gari, nan ne duk kwale-kwalen masunta ke kwana. Makonni shida kafin ranar ake hana kamun kifi a cikinsa, a hana kiɗa da hayaniya, har bukin mutuwa ake jinkirtawa, kuma in ka san yadda Fanti suka ɗauki bukin mutuwa ka san ba ƙaramin abu ba ne. Ranar Talatar kuwa, wadda dama masunta ba sa fita teku, sai a ɗauko sarki a kafaɗa cikin fararen kaya a kai shi bakin ruwa, masu tsafin garin su zuba wa tafkin doya da manja da ƙwai, a jefa taru sau uku. An buɗe ke nan. Daga nan sai tseren kwale-kwale, da mata cikin zanen kente da kitson nan nasu mai tudu da ake kira tekuwa, da harbin bindigar toka, har Asabar da ake babban taron sarakuna.

Na san inda idonka ya tsaya, a kan doya da ƙwan nan. To wurin ba ma zuwa. Tun muna yara Baba ya ja mana layi: in masu fararen zane suka doshi bakin ruwa, ɗan Zango ya juya ya nufi masallaci, dama lokacin bai cika nisa da sallar rana ba. In an fara tsere mu dawo mu hau gada. Ba wanda ya taɓa tilasta mana tsayawa, ba kuma wanda ya taɓa jin mun tsaya muna zagin abinsu. Ranar taron sarakuna Sarkin Zango kan fito da rawani da babbar riga, masu kalangu a gaba, mu bi shi a baya, ya je ya gaida sarkin gari kamar yadda kowane mai unguwa ke yi. Ka ji kalangu yana ratsa ƙarar ƙahonin Turawa a bakin teku sau ɗaya, sannan ka sake yi mini tambayar nan.

Kuma kai ma, tsakani da Allah, ba ka je Argungu ba? Ba ka aiko mini hotonka a bakin Matan Fada da hular malafa ba? Can ma ai ba a faɗawa ruwa sai Sarkin Ruwa ya gama abin da yake yi. Ban ji an ce ka fita daga Hausa ba.

Wannan lokacin na Yuli da Agusta shi ne kakar garinmu. Teku kan yi sanyi, iska ta riƙa kaɗawa da dare har mutum ya nemi rigar sanyi, kifin sadin irin wanda kuke saya a gwangwani ya cika ruwa, gari ya turnuƙe da hayaƙin banda. Yaranmu da ke Jamus da Italiya da Amurka lokacin suke samun hutu su dawo, don haka duk wani aure da aka ɗaga sai a cusa shi nan. Baƙaƙen Amurka ma suna zuwa, musamman shekarar da ake Panafest, bikin al'adun Afirka, da kuma 1 ga Agusta, ranar tunawa da 'yanta bayi. Matan Zango ba sa barci a watannin nan. Koko da ƙosai da asuba, wake da shinkafa da hantsi, wanda duk Ghana ke kira wace ba tare da sanin cewa wake ne suke faɗi ba, da yamma kuma samarinmu su hura wutar tsire. Matata da kuɗin Yuli take biyan kuɗin makarantar Satumba.

Sai maganar mutum-mutumi. Ginin da ka gani posuban ake ce masa, wato dandalin asafo. Asafo ƙungiyoyin dakarun unguwanni ne na da, kamar 'yan tauri a ce an yi musu tuta da lamba, kowace da gininta na siminti inda take ajiye ganguna da tutoci. Suna gasar ƙawata su. Akwai mai siffar jirgin ruwan yaƙi da matuƙa a tsaye a sama, akwai wanda aka yi wa Adamu da Hauwa'u a ƙofa. Ta gabansu nake wucewa kullum in zan je kasuwar kifi, kamar yadda kake wuce shataletale. Abin da zai ba ka dariya shi ne, ko na so shiga asafo ba ni da ƙofa, domin ta wajen uba ake gadonta, ubana kuwa ka san ko wane ne, wan uwarka ne.

A nan ne maganar ta zo kan Inna, wadda na san ita ce ainihin abin da ke cin Goggo shekara hamsin da ɗoriya. Eh, uwata Bafanta ce. Fanti ta wajen uwa suke lissafin dangi da gado, mu ta wajen uba. Don haka in na shiga gidan kawunnaina ni ɗan gida ne cikakke, ba a yanke shawarar dangi sai an kira ni, in na dawo Zango kuma ni jikan Bakano ne da ya biyo fataucin goro ta Gwanja da Kumasi har ya ga teku ya ce nan ne ƙarshen tafiya. Wasu na ganin rabi da rabi ne. Ni dai gudummawar biki sau biyu nake biya, kuma ba a taɓa rage mini rabi ba.

Inna ta musulunta kafin aure, ta yi sauka tana da 'ya'ya huɗu, a gaban malamin da ya koya mana. Goggo ba ta ga saukar ba saboda ta riga ta tafi. Ka tambaye ta watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a nan, iyayensu ma a nan, suka wayi gari baƙi. Mijin Goggo ya ce shi ba zai jira wulaƙanci ba, suka hau babbar mota da abin da hannu zai iya ɗauka. Baba kuwa, wan Inna, wani masunci wanda bai san bihim da Hausa ba, shi ne ya zo ya ɗauke shi ya kai shi ɗakinsa na bayan wurin banda, ya ce duk mai neman surukinsa ya fara bi ta kansa. Baba ya yi makonni a can yana warin kifi. Ina goye a lokacin. Wannan mutumin kowace shekara shi ke jan ragamar kwale-kwalen unguwarsu a tseren Bakatuwe, har ƙarfinsa ya ƙare, kuma kowace shekara Baba na kan gada yana yi masa ihu da Fantancinsa mai karyayyen ƙafa. Yanzu ɗansa ke ja. Shi 'yata ta je kallo. Yaya zan ce mata kada ta je?

Ba na ce komai lafiya lau ba ne. Akwai gidajen Zango da yaransu ba sa iya haɗa jimla biyu da Hausa, suna ji dai ba sa mayarwa. Akwai daren Asabar ɗin biki da ake kafa manyan lasifika a fili, giya ta yi yawa, wanda ni kaina ba na barin 'ya'yana mata su kai ƙarfe tara a waje. Wata shekara masu shirya taro suka sa mana lasifika daf da bangon masallaci, sai da Liman ya tura dattawa uku aka yi ta kai-kawo kafin a yarda a kashe lokacin Magariba da Isha. Kuma har gobe in rai ya ɓaci a kasuwa za ka ji an ce maka baƙo. Wani tsoho ya taɓa ce mini, ku ne fa kuka ƙona mana gari. Ban gane ba sai da na girma. A watan Yuni na 1873 Turawan Ingila suka yi wa tsohon garin Elmina ruwan wuta suka ƙone shi ƙurmus, kuma cikin sojojinsu akwai dakarun Hausa da aka kawo daga Ikko. Ba a sake gina wurin ba, shi ne filin da ke jikin katafaren gidan bayin nan da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Kakana bai zo ba sai bayan haka da daɗewa, amma sunan ɗaya ne, dole mu ɗauka. Haka in na ga baƙaƙen Amurka sun fito daga ɗakunan ƙarƙashin ginin suna kuka, nakan tuna kasuwar Salaga da su wa suka yi ciniki a cikinta, in yi shiru.

Hausarmu kuwa ka daɗe kana yi mata dariya. Gaskiya ne, a Zango mace ma "ya zo" ne, ƙofa da kofa duk ɗaya, tsire ya koma sire. Ni da nake rubuto maka haka, rediyo da littattafan da Baba ya bari ne suka gyara mini baki, in na koma cikin 'yan uwana kuma irin tasu nake yi, don in na yi taku cewa za su yi ina yanga. Amma ka sani, da wannan karyayyar Hausar Bamoshe da Bazabarme da Bakotokoli da Bawangara suke ciniki da juna a kowane zango na ƙasar nan, da ita ake fassara tafsiri da azumi, da ita ake ɗaura aure. Babban limamin Ghana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919, da ita yake wa jama'a nasiha.

Bari in ba ka labarin autanmu, wanda ba ka taɓa gani ba. Sana'arsa rubutun fenti, a jikin shago da mota da kwale-kwale. Kwale-kwalen nan da itace guda ake sassaƙa cikinsu, kuma ba masuncin da zai yarda nasa ya fito ranar Bakatuwe da tsohon fenti. Tun watan Yuni auta ba ya zama, yana bakin tafki da gwangwanaye, wando a naɗe. Wannan ya ce tutar Jamus yake so don ɗansa na can, wancan ya ce alamar ƙungiyar ƙwallonsa. Shi dai sharaɗinsa ɗaya, ba ya zana mutum. Abin da ya sa suke layi a wurinsa shi ne adon da yake ja a gefen jirgin daga kai har wutsiya, murabba'i cikin murabba'i, ja da kore da ruwan ɗorawa. Su suna cewa salon Zango ne. Ni da na gani na gane shi nan take, zayyanar allon saukarsa ce, wadda har yanzu ke rataye a ɗakin Inna. Ran nan wani ya ce ya rubuta masa Zabura ta 23 a goshin jirgi, ya dawo gida yana ta waswasi, ya je ya tambayi malam. Malam ya tambaye shi ko an ce ya rubuta wani abu bayan suna da lamba, ya ce a'a. Ya ce to je ka rubuta, ka kuma karɓi kuɗinka kafin jirgi ya shiga ruwa, don masunci in ya fita sai Allah.

Saboda haka in kana son ganin ko saura me ya rage, ka zo da kanka baɗi. Ka shigo kafin Talatar farko ta Yuli, ka sauka Ankara, babban birnin Ghana, ka hau motar Kef Kos, daga can tafiyar 'yan mintuna ce. Ka taho da rigar sanyi, da kuka da daddawa mai kyau, tamu ta nan ba ta kai taku ba, wannan kam na sallama. Ka kuma gaya wa Goggo keken ɗinkinta da ta bari a hannun Inna ranar da za su hau mota yana nan. Inna ba ta taɓa yarda an sayar ba, duk shekara sai ta sa an zuba masa mai, ta ce mai shi za ta aiko.