Tambaya da Amsa: Za a Sake Gina Titin Unguwarmu, Me Ya Kamata Mu Nema?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Za a sake gina titin unguwarmu, faɗinsa mita 18 daga katanga zuwa katanga, an kuma ce kwamitin unguwa ya kawo shawara. Yaranmu a ƙafa ko a keke suke zuwa boko da islamiyya, kullum hankalinmu a tashe yake. Wasu sun ce mu nemi a mai da shi tagwaye, a yi mana gadar tsallakawa. Hakan daidai ne? Daga wani magidanci, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ku nemi tagwayen hanya a tsakiyar gidaje. Faɗin kwalta shi ke sa direba ya taka mota, gudu kuwa shi ke kisa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2004 sun nuna cewa wanda mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa, cikin goma tara kan rayu. In gudun ya kai 45, ko rabi ba sa kaiwa. Don haka 30 za ku sa a gaba, kuma ginin titin ne zai tilasta shi, ba allon gargaɗi ba.

Ga yadda mita 18 ɗin za ta kasu. Motoci su samu 6.5, layin zuwa da na dawowa. Sai kowane gefe a ware 1.75 na bishiyoyi da turakun fitila, sai 2 na keke, sai 2 na masu tafiya a ƙafa a jikin katanga.

Wannan 1.75 ɗin kada ku bari a yanke ta, ita ce ke riƙe sauran. A nan adaidaita sahu zai tsaya ya sauke fasinja, tunda faɗinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba. A nan mai shayi da mai faci da masu tebur za su zauna tsakanin bishiya da bishiya. In ba a ba su wuri ba, ba tashi za su yi ba: hanyar ƙafa za su hau, yaro ya koma kan kwalta. A dasa darbejiya duk bayan mita 8 zuwa 10, a bar wa kowace buɗaɗɗiyar ƙasa a gindi, in ba haka ba saiwa za ta ɗaga daɓen. Titin da ba inuwa, a watan Afrilu ba mai bin sa da ƙafa sai dole.

Fenti kaɗai ba ya kare mai keke. A sa dakalin kankare mai tsayin santimita 15. Sannan a tanadi mai shara, domin yashi a gefe yake taruwa, yana kwashe tayar gaba. Ƙarafan bakin magudana kuma su gitta hanyar, kada su bi tsawonta, don kada taya ta faɗa.

Kwalbati a rufe ta ruf, murfin daidai da daɓe, a ɗan karkata daɓen, santimita 2 a kowace mita, don ruwa ya gangara. Murfi ɗaya ya karye aka bar shi, makaho da tsohuwa sun rasa hanyar baki ɗaya. A ƙofar gareji ma kada a sare hanyar ƙafa. Motar ce za ta hau.

Batun gada, ba mu goyon baya. Tsayinta ya haura mita 5, matakala sama da 30. Mai ga-ruwa da kurarsa, mai juna biyu, yaro da kekensa, wa zai hau? Ku nemi matsallaka mai tudu, daidai da tsayin hanyar ƙafa, samanta shimfiɗe mita 3, a ƙofar makaranta da masallaci da kusan duk mita 100, da fitila a kanta.

Ku kuma tambayi injiniyan inda hanyar keken za ta ƙare. Birnin Sevilla na Sifaniya, garin zafi ne shi ma, ya gina fiye da kilomita 100 tsakanin 2006 da 2010, duk a haɗe da juna, masu hawan keke suka ninka sau da yawa. Taku ma ta zarce har ƙofar makarantar, kada ta yanke a bakin shataletale.