Amsa kan tsohon alƙalamin Parker da ya ƙi shan tawada

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ka ce ka tsinci alƙalaminsa a akwati, Parker mai kibiya a murfi, bakinsa a lulluɓe sai ɗan tsini da ya leƙo, ya ƙi shan tawada, kuma kana tunanin zare bakin da filaya, sannan ka zuba masa tawadar allo ka riƙa rubutun ajami. To ajiye filayar nan tukuna. Yawancin irin waɗannan alƙaluma lafiyarsu lau, tawada ce kawai ta daskare a ciki.

Fara tantance abin da ke hannunka. Siffar da ka faɗa ta Parker 51 ce, wanda ya fito a 1941, amma Parker 21 da Hero 616 na ƙasar Sin duk haka suke a ido. Duba rubutun da ke bakin murfi. Sai ka murɗe gangar jikin. In ka ga kwanson ƙarfe da 'yar jakar roba a ciki da wurin matsawa, to Aerometric ne, samfurin da aka koma yi daga 1948, kuma ka yi sa'a: jakar ba ta ɗanyen roba ba ce, sau da yawa tana nan da ranta ko ta yi baƙi ƙirin. In kuwa jikin bai buɗe ta tsakiya ba, sai wani ɗan murfi a gindi da maɓallin dannawa a ƙarƙashinsa, Vacumatic ne. Robar wannan takan mutu, kuma cire ta sai da makullinta na musamman. Kada ka taɓa shi da kayan gida.

Mu ɗauka Aerometric ne. Samu kofin gilashi, ka zuba ruwan gora mai sanyin ɗaki daidai yadda zai rufe baki da lulluɓinsa, ka tsayar da alƙalamin a ciki ya kwana. Ka guji ruwan rijiya ko na bohol mai kanwa-kanwa, yana barin farin gari a magudanar. Da safe ka matsa jakar a hankali, ka saki, ka ƙirga biyar kafin ka sake matsawa. Ruwa zai fito shuɗi ko baƙi. Canja shi, ka maimaita. A ƙarƙashin lulluɓin nan akwai wani sashe mai siraran haƙora kamar matsefi inda tawada take taruwa, shi ya sa aikin kan ci kwana uku, wani lokaci mako guda. In ruwa kaɗai ya gaza, ɗiga sabulun wanke kwanuka ɗigo ɗaya a kofin, ko amoniyar gida kashi 1 cikin ruwa kashi 10, na 'yan awoyi, sannan ka ɗauraye sosai. Ban da ruwan zafi, ban da sifirit, tina, fetur ko kalanzir. Suna cin jikin alƙalami, ko su sa shi tsagewa.

In bayan wannan yana sha amma ɗan kaɗan, matsalar siririn bututun iska ce da ke cikin jakar. Na farko-farko da azurfa aka yi shi, yakan toshe ko ya ci. Kai wa gare shi sai an kwance lulluɓin, wanda aka liƙe da gam mai sakin jiki da ɗumi. Ana ɗumama shi da na'urar busar da gashi, zafin da yatsa zai iya jurewa, a murɗa da ɗan yankin tuf na keke don kada hannu ya zame. Bai motsa ba? Ƙara ɗumi, kada ka ƙara ƙarfi. Lulluɓin Parker 21 da na Hero sun fi saurin fashewa. Wurin mayarwa kuma kada sufa gulu ya kusance shi.

Batun tawadar allo: a'a. Gawayi ne da ƙaro. Ƙaron da ke sa ta kama allo shi zai bushe a magudanar da ba ta fi kaurin gashi ba, garin gawayin ya bi ya cushe sauran. Alƙalamin kara ake yi wa ita, wanda in ya toshe sai a fiƙe. Haka tawadar hatimi da ta firinta. Nemi tawadar Parker Quink ko Pelikan 4001, shuɗiya ta fi sauƙin wankewa. Tsohuwar kwalba da ta yi kauri ko ta canja wari, zubar da ita.

Sai zafin Sakkwato. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, in jakar ta kusa ƙarewa iskar da ke ciki takan kumbura ta turo tawada, ka buɗe murfi ka tarar da ɓarna a aljihun farar riga. Riƙa cika shi, kana ajiye shi baki a sama, kuma kada ka bar shi cikin motar da ke rana. Da hunturu kuwa bushewa ce matsala: minti biyu a buɗe, tsini ya ƙafe. In za ka yi fiye da mako biyu ba ka rubutu, wanke shi ka ajiye ba tawada.

Ajami zai yi, amma ka sani tsinin ya riga ya goge bisa hannun mahaifinka. In boko ya fi rubutawa da shi, kana iya jin yana karce takarda idan ka ja daga dama zuwa hagu. Ari madubin ido na mai gyaran agogo ka duba: galibi ɗaya daga cikin leɓɓan bakin ne ya ɗan ɗaga sama fiye da ɗan'uwansa, da farce ake daidaita shi. Kada ka goga shi a dutse ko samfefa, don ɗan ƙwallon ƙarfen da ke tsinin in ya tafi ba ya dawowa. Tsininsa kuma mulmulalle ne, ba zai ba ka kauri da sirantaka irin na kara ba; na wasiƙa ne da ta'aliƙi a gefen littafi.